Hoton Cigiyar da Ya Ɓatar da Baba Sanusi

Akwai wani mai shagon hoto a garin Ƙanƙara, sunansa Maharazu. Tun ranar da aka ba ni labarinsa raina yake a ɓace, shi ya sa na ce sai na kawo muku shi a shafin nan ko na samu sauƙi.

Ba zan zalunce shi ba, Maharazu ya iya aiki. Amare wurinsa suke zuwa, masu neman fasfo wurinsa, hatta 'yan takarar kansila shi yake yi musu fosta. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da ya fito daga kwamfuta, a wurinsa ya fi abin da ido ya gani gaskiya.

Akwai wata manhajar gyaran hoto da ya shekara bakwai yana aiki da ita. Wani ƙaramin kamfani ne a ƙasar waje ya ƙera ta. A da manhajar mai ladabi ce. Ka ce ta ƙara haske ta ƙara, ka ce ta yanke gefe ta yanke, abin da ba ka ce ba kuma ba ruwanta da shi.

Sai bara wani babban kamfani ya saye ta. Sababbin masu ita suka aiko wa kowa da saƙo mai daɗi, wai kada a damu, babu abin da zai canza.

Wata huɗu bai cika ba komai ya canza.

Yanzu da ka sa hoton mutum, tun kafin ka taɓa komai ta riga ta yi abin da ta ga dama. Ta goge tabo, ta share tamoji, ta cike giɓi da haƙora, ta ƙara wa fata haske. Da farko akwai wurin da ake dannawa a hana ta. Da aka sake sabunta ta sai wurin ya ɓace. Sannan suka ce kowa ya kwashe hotunansa ya zuba a rumbunsu na intanet, wai ya fi tsaro.

Masu hoto da yawa sun yi ta ƙorafi. Maharazu kuwa murna ya yi. Ya kwaso kwalayen tsofaffin hotuna da ke ƙarƙashin teburinsa, ya ɗora su duka a rumbun kamfanin, ya kai takardun bayan shago ya cinna musu wuta, wai ɓeraye sun dame shi. Har da hoton marigayi mahaifinsa guda ɗaya tilo, wanda ya rasu tun Maharazu yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya fitar da sabo daga manhajar, ƙato, ya sa a gilashi ya rataye a bangon shago.

In abokan sana'a suka yi maganar damuwarsu sai ya yi dariya ya ce, "Ku kuna tsoron ci gaba. Nan da shekara biyu ba za a ƙara ganin mummuna ba a jihar Katsina."

To, ku riƙe wannan, mu je Ƙetare.

A Ƙetare akwai wani dattijo, Baba Sanusi, ya haura saba'in da biyar. Manomi ne, da ƙuruciyarsa kuma ya yi fataucin hatsi. Baƙi ne siriri, yana da bille a kumatun hagu wanda wanzami ya yi masa ranar suna, haƙoransa biyu na gaba sun zube. Shekaru uku ke nan mantuwar tsufa ta kama shi. Abin da ya faru shekara arba'in baya zai ba ka shi tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi abin da ya karya da shi da safe sai ya tsaya yana kallonka.

'Yarsa Barakatu ce take kula da shi. Ita take ba shi maganin hawan jini safe da yamma, ita take wanke masa kaya.

Wata ranar kasuwa cikin damina, ɗansa Yahya ya kawo shi Ƙanƙara a babur don a duba masa ido. Ya zaunar da shi a inuwa, ya shiga wani shago sayen man juye na babur. Da ya fito, Baba ba ya nan.

Aka duba kasuwa, aka duba masallatai, aka duba asibiti. Kun san halin da yankin nan yake ciki, ba sai na faɗa ba. Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne ko 'yan bindiga ne. Aka yi ta jiran a kira waya, ba wanda ya kira.

Washegari da sassafe Barakatu ta isa shagon Maharazu. Hoton Baba guda ɗaya ne a duniya, ɗan ƙaramin fasfo da aka ɗauka lokacin rajistar takin zamani. Ta kwanto shi daga bakin zaninta ta miƙa.

"Malam, cigiya za mu yi. Babana ne ya ɓata. A ƙara mishi girma yadda za a gane shi daga nesa."

Maharazu ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗauke shi ya sa a manhaja. Minti ɗaya bai yi ba ya juyo mata da fuskar kwamfutar.

Wani farin dattijo ne a ciki, mai cikakken kumatu, haƙora a jere fes, fuska sumul. Ka rantse jiya ya sauko daga jirgin Makka.

Barakatu ta matso, ta ƙura ido. "Malam, wanga ba Babana ba ne."

"Shi ne mana. An dai wanke shi."

"To ina billen nashi?"

"Na'ura ta ɗauke shi. Ita duk wani tabo datti take ganinshi."

"Ba datti ba ne, aska ce. Da ita kowa ya san shi. Don Allah ka maido ta."

"Ba a maidowa. Sabon tsari ne."

Nan ne wurin da yake ƙona mini rai, jama'a. Gaskiya ne manhajar ba ta maidowa. Amma a kusurwar shagon nan akwai injin kwafi. Da Maharazu ya ɗora fasfon a kan gilashinsa ya ƙara masa girma, da an samu fuskar Baba yadda take. Aikin minti biyu ne, kuma ya san da haka sarai.

Barakatu ma ta hango injin, ta nuna shi. "Wancan hwa? Ba ya yi?"

Maharazu ya jingina da kujera. "Hajiya, kin taɓa riƙe kwamfuta? Fostar nan za ta je Faskari, ta je Sabuwa, ta je Funtuwa, da sunan shagona a ƙasanta. Ba zan fitar da hoto dishi-dishi da sunana ba, a ce Maharazu ya koma aikin ƙauye. Wanga shi ake kira hoto. Duk wanda ya san shi zai gane shi."

"Ai waɗanda ba su san shi ba muke nema su gane shi."

 Sai ya duba agogo.

Ta ce to ko a rubuce ne a sa cewa baƙi ne kuma yana da bille. Ya ce babu wuri. Sunan Baba da lambar waya sun cinye sama, sunan shago da tambarin manhaja sun cinye ƙasa. Tambarin ma sabon kamfanin ne ya tilasta, ba ya gogewa.

Yahya yana waje a kan babur yana ta danna ƙaho. Rana tana ɗagawa, motocin Faskari da na Funtuwa suna shirin tashi. Barakatu ba ta yi boko ba, ga mutumin da gari ya yarda ya iya aiki yana ce mata haka ake yi. Ta haɗiye maganarta, ta karɓi fasfon ta ɗaure a bakin zani, ta rungumi fosta ɗari biyu ta fita.

Aka manna a tashoshi, a bakin masallatai, a jikin motoci. Aka watsa a wayoyi, daga wannan guruf zuwa wancan. Mutane suka yi ta rubuta addu'a a ƙasan hoton, Allah ya bayyana shi. Kowa ya baza ido yana neman farin dattijo mai cikakken kumatu.

Yanzu bari in faɗa muku inda Baba yake.

Da Yahya ya shiga shagon nan, Baba ya ji ana kiran Faskari, Faskari. Tsohon fatake ne, ƙafarsa ta san wannan kiran. Ya tashi ya shiga motar. Direba ya ɗauka yana tare da wasu mata da suka biya kuɗin kujera huɗu, bai tambaya ba.

A tashar Faskari kowa ya watse, aka bar shi a tsaye. Wata mai sayar da tuwo a tashar, Inna Ummu Salma, ita ta lura da shi. Ta ga tun hantsi har la'asar yana zagaye wuri ɗaya yana tambayar ina masu auna gero suka koma. Ta kira shi rumfarta, ta zuba masa tuwo da miyar kuka.

"Baba, mi ne ne sunanka?"

"Ɗan Dada." Sunan da mahaifiyarsa take kiransa da shi ke nan, shi kaɗai ya zo masa.

"Daga wane gari?"

"Gidanmu na bayan rimi."

Ta kai magana wurin shugaban tasha, aka sanar a masallaci, ba wanda ya san Ɗan Dada. Aka ba shi tabarma a barandar masallacin tasha. Da safe ya dawo rumfar Inna ya zauna a kan benci. Ta ci gaba da ciyar da shi sau uku a rana, ba ta san shi ba, ba ta san nasa ba.

Rana ta uku aka kawo fostar, aka manna ta a jikin ginshiƙin rumfar Inna. Daidai saman kan Baba.

Rana ta biyar wani direba mai suna Shamsu, wanda kullum yake jigila tsakanin Faskari da Ƙanƙara, ya zo cin abinci. Inna ta ce masa, "Shamsu, dubi tsohon nan, ka dubi takardar can. Raina na ba ni wani abu."

Shamsu ya yi abin da ya dace. Ya tashi ya tsaya a gaban Baba, ya ɗaga kai ya dubi fosta, ya sauke ya dubi Baba. Har ya buɗe hoton a wayarsa ya kara kusa da fuskarsa.

"Inna, ba shi ba ne. Na hoto hwari ne, wanga baƙi. Ga bille a nan, can babu. Dubi haƙora ma. Kuma wancan Sanusi aka rubuta."

"Baba, ko kai ne Sanusi?" in ji Inna.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ɗan Dada."

Shamsu ya wanke hannu, ya loda fasinja, ya kama hanyar Ƙanƙara da kujera ɗaya babu kowa a kanta. Da a ce hoton gaskiya ne a jikin ginshiƙin nan, da Baba ya ci tuwon yamma a Ƙetare a ranar.

Maimakon haka ya ƙara kwana biyar a baranda. Ruwan sama ya yi ta feso masa. Babu maganin hawan jini. Ƙafafunsa suka kumbura, tari ya kama shi.

A can gida kuwa Barakatu ta daina cin abinci. Duk inda aka ce an ga wani tsoho sai ta je. Ta je Pauwa, ta koma Ƙanƙara, har gawa aka taɓa kiranta ta duba. Ran nan ta biya ta shagon Maharazu ta ce har yanzu shiru, ko a sake hoton. Ya ce mata hoto ba shi da laifi, a dai ƙara addu'a.

Rana ta tara ta tafi Damari, can ƙasar Sabuwa, inda ƙanwar Baba take aure, ko ya tuna da ita ya nufi can. Bai je ba. A hanyar dawowa ta tsaya a garin Sabuwa da ragowar fosta a leda. Ta ga wani ɗan shagon hoto mai tsohuwar ƙofar langa-langa, ta yi sallama don neman izinin mannawa.

Mai shagon dattijo ne, Malam Gide. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar hoto, tun zamanin da ake wanke fim. Ya karɓi fostar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, mi ne ne sana'ar mahaifin naki?"

"Noma, Baba."

"Wagga fuska ba ta taɓa yin noma ba. Na san aikin wa ne wannan. Kina da hoton da aka ciro shi daga ciki?"

Ta kwance bakin zani ta miƙa masa. Malam Gide ya ajiye fasfon kusa da fostar, ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya yi salati a hankali.

"Kwana nawa ana yawo da takardar nan?"

"Takwas."

"Kwana takwas kuna cigiyar mutumin da Allah bai halitta ba."

Barakatu ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi, yana kunna kwamfutarsa, wata tsohuwa mai ƙara kamar injin markaɗe. Da ta buɗe sai ga manhajar nan dai, irin ta Maharazu, amma tsohon zubi.

Ya ce, "Iri ɗaya ce da ta wanda ya yi miki fostar nan. Ran da na ji an sai da kamfanin na zare mata wayar intanet, har yau ban maida ba. Yara suka yi ta yi mini dariya. Ni kau manomi ne kafin in zama mai hoto, na san in an sai da gona, sabon mai ita shi ke zaɓen itacen da za a sare. Waɗanda suka koya wa sabuwar fuskar mutane ba su taɓa ganin bille ba, kuma ba su tambaye mu ba."

"To, Baba, haka za a yi ta tafiya?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Tawa ma ranar da kwamfutar nan ta mutu ta ƙare, ba a ƙara sai da irinta. Amma ko da wace iri mutum ke aiki, ai shina da ido. Wanda ya yi miki aikin ai ya ga fasfon a hannunki."

Ya ƙara wa hoton girma, bai taɓa komai a fuskar ba. Ya fito dishi-dishi, gefe ɗaya ma da tabon manja. Amma ga Baba Sanusi nan, ga baƙinsa, ga billensa, ga giɓinsa. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa baƙi ne siriri, yana da bille a hagu, yana da mantuwa, mai yiwuwa ba zai faɗi sunansa ba. Bai sa sunan shagonsa ba, ya ce wurin ya fi amfani ga lambar waya ta biyu.

Ya kira wani maƙwabcinsa direba ya ce ya jefa hoton a guruf ɗin direbobi. Ana kiran sallar azahar aka tura.

Kafin la'asar wayar Barakatu ta yi ƙara. Shamsu ne.

"Hajiya, Babanki na tashar Faskari, rumfar Inna Ummu Salma. Wallahi na tsaya gabanshi kwana huɗu da suka wuce. Na kara hoton kusa da fuskarshi na ce ba shi ba ne. Ki yafe mini."

Yamma ta yi, hanyar kuma ba ta bin yamma ba ce. Sai washegari da safe ta isa, Yahya ma ya taso daga Ƙetare suka haɗu a can.

Suka same shi a kan benci, an lulluɓe shi da zanin Inna, jikinsa zafi rau. Ya ɗago ya ga Barakatu ya ce, "Kin daɗe a kasuwar nan." Ta durƙusa ta riƙe ƙafafunsa da suka kumbura.

Suka yi wa Inna godiya har ta ce ya isa. Yahya ya tallafo Baba za su shiga mota. Sai Baba ya tirje, ya juya ya nuna fostar da ke jikin ginshiƙi.

"Ku tsaya. Alhajin nan hwa har yau ba a gan shi ba. Kullum ina yi mishi addu'a. Allah ya bayyana shi, iyalinshi na cikin tashin hankali."

Inna ta share ido da gefen mayafi. Ta ce tun ranar da aka karanta takardar a gabansa, kowace safiya sai ya tambaye ta ko an ga Alhajin.

Sati biyu Baba ya yi a gadon asibiti. Ya tashi, alhamdulillahi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Mutumin da yake takawa masallaci da kansa, yanzu sai an riƙe shi.

Ranar da aka sallame su, Barakatu ta ce wa Yahya su biya ta shagon Maharazu. Ba faɗa ta je yi ba. Ta shiga da Baba yana dafe da kafaɗar Yahya, ta shimfiɗa fosta biyu a kan tebur, ta Maharazu da ta Malam Gide.

"Malam, ga Babana. Ga takardarka, ga ta wani. Wacce ce shi?"

Shagon cike yake da mutane. Maharazu ya dubi Baba, ya dubi takardun, ya ce, "Hajiya, ai mun yi murna da aka gan shi. Amma wanga ba laifina ba ne. Kamfani ne ya canza tsari, ni mi zan yi?"

"Kamfani bai ji ni ina roƙo ba. Kai ka ji."

Kun ga, ko a nan bai ce a yi haƙuri ba. Ya fara bayanin yadda fasaha take tafiya, da yadda nan gaba za a gyara irin waɗannan ƙananan kurakurai. Ƙananan kurakurai, jama'a. Kwana goma na tsoho a baranda cikin ruwa.

Shi Baba bai san ma me ake yi ba. Idonsa yana kan ƙaton hoton nan na bango mai gilashi.

"Yaro, wane ne wancan?"

Maharazu ya samu hanyar sauya magana, ya yi saurin cewa, "Mahaifina ne, Baba. Marigayi Malam Lawwali mai awo."

"Lawwali mai awo na bakin kasuwa?"

"Shi."

Baba ya sa Yahya ya matsar da shi kusa. Na faɗa muku, abin da ya daɗe ba ya ɓace masa. Ya ƙura wa hoton ido, sannan ya girgiza kai.

"Lawwali na sani. Shekara ashirin muna shiga mota ɗaya zuwa Faskari. Lawwali baƙi ne kamata. Shina da aska uku-uku a gefen baki, da haƙori guda da buhu ya karya mishi a gabana. Wanga ba shi ba ne." Ya juyo ya dubi Maharazu da tausayi na gaske. "Yaro, an cuce ka. An ba ka uban wani."



Maharazu ya buɗe baki zai ce an dai wanke shi, maganar ta ƙi fita. Ya juya ga kwamfuta, ya shiga rumbun kamfanin yana neman hoton na asali. Babu. Lokacin da aka sabunta manhajar a karo na ƙarshe, an tambaye shi da Turanci ko ya yarda a inganta duk hotunansa, ya danna ya yarda bai karanta ba. An bi su ɗaya bayan ɗaya an wanke, an zubar da na asali. Takardar kuwa shi da hannunsa ya ƙona ta a bayan shago.

Barakatu ta naɗe fostar Malam Gide ta sa a leda, ta bar masa tasa a kan tebur. Suka fita da Baba.

Wanda ya ba ni labarin yana cikin shagon a ranar. Ya ce Maharazu ya rubuta wa kamfanin saƙo har sau uku a zaune a wurin. Amsa ɗaya take dawowa nan take, wai suna godiya da ya zaɓe su, kuma suna fatan yana jin daɗin sabon tsari.

Bayan kwana biyu aka gan shi a Ƙetare, a zaure, a durƙushe gaban Baba Sanusi. Ya ba Barakatu haƙuri a ƙarshe, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ba wannan kaɗai ya kai shi ba. Ya zo da takarda da biro.

"Baba, don Allah haƙorin da ya karye, na dama ne ko na hagu? Na rufe ido na yi ta nema, fuskar bango kawai nake gani."

Baba ya dube shi ya yi murmushi. Ranar mantuwar ta motsa.

"Haƙorin wa, yaro?"

Darasi: Kayan aiki na iya canza mai shi a rana ɗaya, ya koma yi wa wani can aiki ba kai ba, amma amanar da aka miƙa maka a hannu tana nan a wuyanka. Kada girman kai ya sa ka fifita kyan aikinka a kan buƙatar wanda ya zo wurinka yana kuka, kuma kada ka raina maganar mutum don bai yi boko ba. Ku adana hotunan iyayenku na asali yadda Allah ya halicce su, da askarsu da giɓinsu. In kuma za ku yi cigiya, ku sa hoton da ba a taɓa ba. Ku tura wannan ga masu shagon hoto da kuka sani da duk mai tsoho a gida, ba ku san wanda zai amfana ba.